Zancen Asusu: Kafin ki ba mai bashi takardar gona

Ina gaida shugabannin ƙungiyoyi da sakatarori da masu riƙon akwati da masu makulli, daga Gidan Sori da Tsibiri da Cadakori, har Agye da Cadawa da Gazawa da Gangara. Allah ya sa albarka cikin zubi.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne mace ta wayi gari ana bin ta wuri uku: asusu na bin ta, ɗan kasuwar da ya ba ta hatsi da damina na bin ta, ga kuma ƴar uwa da ta ranta mata lokacin bikin ɗiya. Cikin wannan hali ne wani kan zo da magana mai daɗin ji. Wani lokaci ma'aikacin kes ne, wato ƙananan gidajen ajiya da bada bashi. Wani lokaci alhajin gari ne, wani lokaci kuma baƙo ne da mota da jakar takardu. Sai ya ce: "Hajiya, mi za ya sa ki ta wahala da mutum uku? Ni in ba ki kuɗɗi ki sallame su duka, ya zan ni kaɗai ka bin ki. Ki dai kawo takardar gona ko ta gida in aje."

Wannan shi ake kira haɗe bashi wuri guda, da jingina a kansa. Akwai masu yin shi da gaskiya, akwai waɗanda gonar ce suka zo nema tun farko. Tambayar da ƙungiyoyi ke ta yi ita ce, yaya za mu bambance su?

Abin da ke canzawa ranar da kika sa hannu

Mu fara fahimtar cinikin kansa. Basussukan nan uku na farko, duk da nauyinsu, babu wanda ke riƙe da ƙasarki. In kika makara a asusu, tara za ki biya, a yi miki faɗa a zaman mako, a ƙara miki lokaci. Ƴar uwa za ta yi fushi ta huce. Ɗan kasuwa za ya turo yaro ya yi ta sallama a ƙofa. Duk akwai ɗaci, amma gona tana nan.

Ranar da kika haɗe su kika bada jingina, kin mai da bashin da ake iya roƙo a kansa ya koma bashin da ke iya cin gona. Shi ya sa kyan fuska da iya gaisuwa da yawan ambaton Allah ba su isa shaida ba. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar Maraɗi sun san yadda jingina ke tafiya: a karɓi kaɗan yau, baɗi a koma a nemi ƙari, wata shekara a sake, har mai kuɗi ya ce abin da ya bayar ya kai kuɗin gona. A yankinmu da mutane suka yi yawa, gonaki suka tsuke, har gamana ta fara gagarar mata, wadda ta rasa ƙasa da wuya ta sake samun wata.

To mai bashi na kirki ana gane shi da abu guda: yana jure tambaya, kuma yana yarda a rubuta amsar da ya bayar. Ga tambayoyin.

Wa ya ba ka izini?

A Nijar ba kowa ke da ikon buɗe gidan ajiya da bada bashi ba. Sai da takardar izini, wadda ake kira agrément da Faransanci, daga ministan kuɗi, bayan babban banki BCEAO ya duba. Akwai kuma hukumar ARSM a Yamai mai sa ido kan waɗannan ƙananan gidajen kuɗi. Doka ta tilasta musu su rubuta lambar izininsu a allon ƙofa da kan takardunsu. Saboda haka ki sa sakatariya ta duba allon, ta kwafe suna da lamba cikin littafi. Daga nan a tambaya: a ma'aikatar magajin gari, wajen jami'an da ke bin ƙungiyoyinmu, wajen ƙungiyoyin maƙwabta da suka taɓa hulɗa da su. BCEAO tana da reshe a Maraɗi, kuma tana fitar da jerin gidajen da ke da izini.

Ki lura da wurin zamansu ma. Suna da ofishi da aka sani shekara da shekaru, ko kuwa ranar kasuwa kaɗai ake ganinsu ƙarƙashin rumfa? In rigima ta tashi, ƙofar wa za ki buga?

Izini ba ya nufin gida ba ya iya tangal-tangal. Kamfanin Asusu SA, wanda ya taɓa zama mafi girma cikin irin waɗannan gidaje a Nijar, a 2018 hukuma ta karɓe tafiyar da shi ta naɗa mai riƙon ƙwarya saboda matsalolin da ya shiga. Amma ku duba, da yake yana cikin rajista, an sami hukumar da ta tsoma baki. Wanda ba ya cikin rajista, ranar da ya naɗe tabarmarsa babu mai nemo miki shi. Maƙwabtanmu na Najeriya sun ga haka da MMM a ƙarshen 2016, lokacin da aka rufe fitar da kuɗi mutane suka rasa inda za su kai kuka.

Nawa zan karɓa a hannu, nawa zan biya duka?

Masu wayo ba su son wannan tambaya. Sun fi son su ce miki "jika 12 kawai a wata". Ke kuma ki ce: wata nawa? Sannan ki haɗa.

Mu yi misali. A ce asusu na bin ki jika 40, ɗan kasuwa jika 35, ƴar uwa jika 25. Jika 100 ke nan. Mai bashi ya ce za ya ba ki jika 100, ki riƙa biyan jika 12 har wata 12. In kin haɗa, jika 144. Sannan ya cire jika 5 kuɗin dosiye tun kafin kuɗin su taɓa hannunki, kika tashi da jika 95. Kin karɓi 95, za ki biya 144. Abin da ya hau kai jika 49 ne.

Yanzu mu auna da doka. A ƙasashen da ke amfani da kuɗin sefa na BCEAO akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Daga 1 ga Janairu 2014 aka saukar da iyakar ƙananan gidajen kuɗi daga 27 zuwa 24 cikin 100 a shekara. Kuma cikin lissafin nan har da kuɗin dosiye da sauran ƴan caje-caje, ba ruwan kuɗi kaɗai ba. Shi ne ake rubutawa da haruffa uku, TEG, kuma dole ne ya fito cikin takardar bashi. In ba ki gan shi ba, ki ce a nuna miki.

Ga yadda za ki riƙe shi a ka. In an ba ki jika 100 za ki biya gaba ɗaya bayan shekara, abin da za ya hau kai bai kamata ya wuce jika 24 ba. In kuwa wata-wata kike biya har wata 12, bai kamata ya wuce wajen jika 13 da rabi ba, domin kowane wata bashin raguwa yake yi. Mutumin misalinmu mai jika 49 ya ninka wannan fiye da sau uku.

Akwai wata dabara da ta fi wannan ɓoyuwa. Sai a ce miki "2 cikin 100 ne kawai a wata", ki lissafa ki ga 24 a shekara, ki ce daidai ne. Amma sai a riƙa ɗora jika 2 ɗin nan kan jika 100 na farko har ƙarshe, alhali a tsakiyar shekara kin riga kin mai da rabi. Kina biyan ruwa kan kuɗin da ba su hannunki. In aka lissafa da gaskiya wannan ya haura 40 cikin 100. Saboda haka ki tambaya: ruwan nan kan abin da ya rage ne, ko kan na farko?

Na san wata za ta ce, to ai mu ma a asusu muna ɗora 5 ko 10 cikin 100 a wata, mun fi su tsada. Gaskiya ne, kuma shi ya sa bashin asusu na ƴan makonni ne ko ƴan watanni, don jarin ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa, ba na ɗauka a shekara ba ne. Amma tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jiharmu ta Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ƙa'idar ita ce abin da aka ɗora akwati yake komawa, ranar rabo kuma ya dawo hannunmu. Na waje kuwa in ya tafi ya tafi. Sannan akwatinmu bai taɓa riƙe gonar kowa ba.

Wa za ya biya tsofaffin basussukan?

Nan ma ana zamewa. An karɓo jika 95 da niyyar sallamar mutum uku, sai ga rashin lafiya, sai ga suna, sai maigida ya ce a ranta mishi 20 za ya maido. Bayan wata biyu tsofaffin suna nan, ga sabo ya hau, ga gona a jingine. Wadda ta shiga don ta rage masu bin ta daga uku zuwa ɗaya ta koma da huɗu.

In har za a yi, ranar da kuɗi suka fito a ranar za a biya. A tafi da shaidu biyu daga ƙungiya. Na asusu a soke shi cikin littafi a gaban kowa. Ɗan kasuwa ya faɗa a gaban shaidu cewa ba ya bin ki ko dala, in da hali ya sa hannu. Gidan kuɗi na kirki ba ya jin haushin wannan, wasu ma su da kansu suke neman shaidar cewa an biya. Wanda ya ce "ke dai karɓi, abin da kika yi da su ruwanki", bai damu ki fita daga bashi ba.

In na kasa biya, me za ya faru da gonar?

Wannan ita ce uwar tambayoyi, kuma ita ce muke jin nauyin yi, don kada a ce muna da niyyar ƙin biya. Ki yi ta. Damina ba a hannunki take ba. Fari na zuwa, tsutsar gero na zuwa, akuya na mutuwa.

Ki nemi a rubuta: in na makara wata ɗaya, tarar nawa ce? Wata nawa za a jira kafin a taɓa jingina? Wa za ya yi wa gonar kuɗi? In an sai da ta fiye da bashin, sauran na wa ne? In na samu kuɗi na biya kafin lokaci, za a rage mini? Ranar da na gama, yaushe takardata za ta dawo?

Mai gaskiya yana da amsar kowace, domin kuɗinsa yake so su dawo, gona wahala ce gare shi. Wanda ya ce "haba Hajiya, kada ki kawo wannan, Allah ba za ya sa ba", ki lura da shi. Haka wanda ya nemi gonar da ta kai jika 600 a kan bashin jika 100, kuma bai tambaye ki sana'arki ba, bai tambayi abin da kike samu a mako ba. Wanda bai damu da yadda za ki biya ba, ya riga ya san abin da za ya ɗauka.

Ku san kuma cewa jingina tana da hanyarta a hukumance. Bisa tushen dokar karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin ƙasa: COFOB a gari, COFOCOM a komin, COFODEP a departema. Suna da takarda daban ta saye da sayarwa, daban ta kyauta, daban ta haya, daban ta aro, daban ta jingina. In za a jinginar da gona, a yi a gaban mai gari da kwamitin, a rubuta iyakoki da yawan kuɗi, kowa ya riƙe kwafinsa. Wanda ya ce a yi tsakaninku cikin ɗaki kada kowa ya ji, don ya rufa miki asiri, asirin nasa yake rufewa.

Game da gida mai cikakkar takardar mallaka a birni kamar Maraɗi, dokar OHADA da Nijar ke aiki da ita ba ta yarda a rubuta cikin yarjejeniya cewa mai bashi za ya mallake gidan kwana kai tsaye in an kasa biya ba. Sai an bi ta shari'a. Duk wanda ya ce miki "ran da kika makara gida ya zama nawa", ko bai san doka ba, ko yana fatan ke ba ki sani ba.

Kalmomi uku da za su tsare ki

Yawancin takardun nan da Faransanci suke, mu kuma da yawa yatsa muke dangwalawa. Ko ba ki yi lokol ba, ki sa a nuna miki kalmomi uku ki riƙe kamanninsu. Vente, sayarwa ce. Gage, jingina ce. Prêt, aro ne ko rance. In da baki an ce jingina, a saman takarda kuma an rubuta vente, to sai da gonarki kike yi, kuma ranar shari'a takarda za a duba.

Kada mai karanta miki ya zama yaron mai bashi. Ki zo da naki: sakatariyar ƙungiya, malamin makaranta, ɗanki da ke koleji. Ki ce za ki tafi da takardar gida ki kwana biyu da ita. Kada ki dangwala a takardar da aka bar gurbin kuɗi ko na kwanan wata babu rubutu. Ba a cinikin biri a sama. Kuma neman a rubuta ba rashin yarda ba ne: ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Tun da mun taɓo addini, da yawa cikinmu na damuwa da riba, kuma malamai da yawa suna ƙyamar jinginar da mai kuɗi ke nome gona yana cin amfaninta alhali bashinsa na nan bai ragu ba. Wannan ki kai wa malamin da kika yarda da shi. Akwai gidajen da ke aiki da tsarin Musulunci, irin su Bankin Musulunci na Nijar. Amma sunan Musulunci a allo ba ya ɗauke tambaya ko ɗaya cikin waɗanda muka jera.

Alamun da ba su buƙatar dogon bincike

Wanda ya ce ki fara aiko da kuɗi ta waya zuwa lambar wani mutum kafin a buɗe miki dosiye, ki rufe zancen. Kes na gaskiya ma yana karɓar kuɗin shiga da na dosiye, amma a kantarsa, da resi mai hatimi da sunan gidan. Wanda ya ce yau kaɗai ne, gobe an rufe, so yake kada ki yi shawara. Wanda ya ce kada ki gaya wa ƙungiya ko maigida, ya san abin da za su ce. Wanda ya riƙe katin ɗan ƙasarki na asali maimakon kwafi, ya riƙe ki ne.

Gonar ta wa ce, kuma bashin na wa ne?

Kafin a je ga mai bashi ma, akwai tambayar gida. Gamanar da maigida ya yanka miki cikin gandu, nomanta naki ne, amma ƙasar ba lalle taki ba ce. Gonar gado da ba a raba ba, ƴan uwanki suna da haƙƙi a ciki. Jinginar da irin waɗannan rigima ce da ke iya kai wa jikoki.

In kuwa gonar taki ce ta kanki, gado ko saye, to ki duba bashin wa za a biya da ita. Yakan faru bashin na maigida ne ko na ɗa da ya tafi bida, amma takardar mace ake kai wa. Taimakon iyali alheri ne. Sai dai ki shiga da ido buɗe, a faɗa a gaban manya wa za ya riƙa biya, kuma daga ina.

Ku kuma shugabanni, ku kula da lamunin haɗin gwiwa, inda ƙungiya duka ke tsaya wa bashin mutum ɗaya. In ta kasa, akwati ne za ya biya, wato zubin mata 25 ko 30. Kada shugaba da sakatariya su sa hannu da sunan ƙungiya sai an karanta takardar a zaman mako kowa ta ji ta yarda.

Kafin a kai ga jingina

Ba na ce haɗe bashi haramun ne a kowane hali ba. In bashin ɗan kasuwa ne mai cin rabin amfanin gona kowace kaka, aka samu kes mai izini, da ruwa cikin iyakar doka, da lokacin biya da ya dace da kaka ko da sai da ragon Layya, yana iya zama sauƙi na gaske. Amma a fara gwada ƙofofin da ba su taɓa ƙasa. A kawo maganar zaman asusu a nemi a tsawaita lokaci. A je wa ɗan kasuwa da dattijuwa a nemi a raba biya. In da akuya biyu, gara ɗaya ta tafi: jar akuya na haihuwa ta mai da gurbi, gona ba ta haihuwa.

Akwai kuma warantaji, wanda aka fara yaɗawa a Nijar tun wajen 1999 da tallafin FAO. A nan wake ko gyaɗa ko aya ake ajewa a magaza da kaka, a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wajen ƙungiya ɗaya wajen gidan kuɗi, a ba da bashi gwargwadon wani kaso na darajar kayan. In farashi ya tashi a biya a fid da kaya. Shi ma yana da haɗarinsa, don wata shekara farashi ba ya tashi. Amma in abu ya ɓaci buhu ne ya tafi, baɗi a sake nomawa.

Aikin wannan mako

A zama mai zuwa, bayan an gama zubi, sakatariya ta buɗe shafi na ƙarshe na littafi ta rubuta tambayoyin nan: lambar izini, abin karɓa a hannu da abin biya duka, wa za ya sallami tsofaffin basussuka, me za ya faru in an makara, wa za ya karanta takarda. Sannan ƙungiya ta tsai da doka guda: babu wadda za ta kai takardar gona ko ta gida wurin kowa sai mata biyu sun raka ta, kuma sai takardar ta kwana a gida.

Wadda ta riga ta bada tata kuma, kada kunya ta sa ta yi shiru. Ta kawo kwafin a duba tare, in babu kwafi a je a nema, in an hana a kai maganar wurin mai gari da kwamitin ƙasa tun bashin bai yi nisa ba.

Ku ci gaba da aiko da tambayoyinku ta hannun sakatarorinku. Allah ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu, ya ba mu damina mai albarka. Sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.